Fiton Muntaka

Shekara shida na yi a Khartum. Da na dawo Ammariyya, unguwarmu a Jidda, mai sayar da ful, dafaffen wake, na bakin layinmu ya rasu, shagonsa ya koma na sayar da wayoyi. Ƙanwata Saudatu ta yi aure a Waziriyya. Yaran gidanmu in ka yi musu Hausa, da Larabci suke amsawa. Shi kuma abokina Muntaka, wanda a da ba a raba shi da ƙwallo, ya koma kallon tsuntsaye. Wajen kafilinsa, wato ubangidansa, ya koya, har ya iya kukan kowanne da fito.

Zaman gida ya ishe ni. Da ya ce mu tafi bakin teku ranar Alhamis, ban yi musu ba. Mu uku ne da Badaru, yayan Muntaka, mai motar.

Can kudu da Jidda muka kafa tanti, kusa da wasu gajerun itatuwa da suka tsiro cikin ruwa. Wurin na warin laka da gishiri. Zalɓe da balbelu sun cika gaɓar. Muntaka ya wuni da madubin hangen nesa a ido.

Rana ta yi ja. Badaru na hura gawayi, ya ɗago ya dubi ƙaninsa.

"Halas, Malam Zalɓe. Magariba ta yi, a bar fito."

"Saura ɗaya, Yaya. Akwai wani a cikin itatuwan can, ban taɓa jin irin kukansa ba."

"Umma ba ta hana ka fito da magariba ba?"

Muntaka ya yi dariya, ya tattara leɓe, ya kwaikwayi kukan.

Aka amsa.

Ya sake. Aka sake amsawa, kusa.

Sai tsuntsayen gaɓar suka yi tsit. Duk suka juyo suna kallonmu. Ko ruwa bai motsa ba.

"Muntaka, ya isa," na ce a hankali.

Ya waiwayo zai ba ni amsa. Bakinsa ya buɗe. Fito ne ya fita.

Ya kama maƙogwaronsa. Ya sake gwadawa. Fito.

Daga cikin itatuwan aka ce, "Saura ɗaya, Yaya."

Muryar Muntaka ce, har da 'yar dariyarsa.

Na fara karanta Ayatul Kursiyyu.

"Rafi'u," in ji muryar, ta kama sunana. "Yalla, zo ka gani."

Wani abu ya taka ruwa. Ya sake takawa.

Badaru ya sungumi ƙaninsa. Muka bar tanti, muka bar wuta tana ci. Har muka hau kwalta, ana kiran sunana daga baya.

An yi wa Muntaka ruƙiyya. An kai shi asibiti, suka ce maƙogwaronsa lafiya lau. Mahaifiyarsu Mastura ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce tunda mun san inda muryar take, mu je mu roƙo. Mun koma da rana tsaka, ni da Badaru. Muka yi sallama, muka roƙa har muka gaji. Balbelu kawai muka gani suna kiwo.

Jibi jirgina zai tashi, zan koma Khartum. Ɗazu ina ninke riguna cikin jaka, Muntaka ya shigo ya zauna bakin gado yana kallona. An fara kiran sallar magariba. Na ga yana tattara leɓe.

"Bari, Muntaka. Na san abin da za ka ce."

Bai bari ba. Ya yi fito, siriri.

Daga saman rufin gidanmu aka ce da muryar Muntaka, "Allah ya kiyaye hanya, Rafi'u."