Kusurwar da Aka Yanke

Saura kwana uku Imtiaz Warraich ya yi ritaya aka tsinci gawarsa a ofis, bayan sallar azahar. Shekara talatin da huɗu yana aikin kuɗin sojoji a Rawalpindi, tun yana ƙaramin akawu har ya zama shugaba.

Sufeton 'yan sanda Tanveer Gondal ya tarar da kofin shayi mai guba da takarda ɗaya da aka buga da na'ura. Takardar ta ce mamacin ya ci hanci a kwangilar takalman sanyi na sojoji, kunya ta sa ya kashe kansa. An sa hannu da koriyar tawada, wadda shugaba kaɗai ke amfani da ita.

Matar mamacin, Rukhsana, ta zo ba ta kuka.

"Sufeto sahib, mijina a motar haya yake zuwa aiki. Suna kaɗai ya bar wa 'ya'yansa. Shi ma za ku ƙwace?"

Maganar ta tsaya wa Gondal a rai. Ya sake duba takardar, sai ya lura an yanke kusurwarta ta ƙasa da almakashi.

Ya kira mataimakin shugaba, Sohail Durrani, mutum mai santsin baki.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun safe. Uba ne a wurina, wallahi."

"Wa zai hau kujerar?"

"Ai wannan na Allah ne."

Na Allah ne, amma har Durrani ya sa an auna sabon labule a ofishin shugaba.

Gondal ya nemi tsohon akawu, wanda ake kira Babu Latif, ya nuna masa takardar.

"Me ake rubutawa a wannan kusurwar?"

"Sahib, ba takardar da ke hawa teburin shugaba sai na ƙasa da shi ya sa harafin sunansa a nan. Hannu ya saba. Ni ko takardar magani aka miƙo mini, sai na sa nawa."

"Takalman fa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Kwali ne a tafinsu. Ƙananan sojoji biyu sun rasa yatsu saboda sanyi a kan dutse. Warraich sahib ya ƙi amincewa, da gobe ne zai kai rahoto sama."

Tun da 'yan sanda suka rufe ginin ba a yi shara ba. Gondal ya sa aka zazzage kwandunan ofis-ofis. A na Durrani, cikin ɓawon lemo, ga ɗan guntun takarda mai kusurwa uku, da S.D. a jiki da shuɗiyar tawada. Aka haɗa shi da takardar, ya zauna daram.

"Wata guda kana koyon sa hannunsa," in ji Gondal, "ka kasa hana naka hannun."

Durrani ya daɗe yana kallon guntun.

"Shekara goma sha ɗaya ina bayansa. Na roƙe shi ya yi shiru kan takalman na kwana uku kawai, ya tafi da furannin bikin ritayarsa. Ya ce sanyi ba ya jiran kowa."

Aka sa masa ankwa. Rukhsana na zaune a bencin baranda lokacin da aka wuce da shi, ba ta ko dube shi ba.

"Begum sahiba," in ji Gondal, yana kiran ta cikin girmamawa, "sunan mijinki yana nan."

Sai a lokacin ta fashe da kuka.