Mai Karya Kayan Fotini

Ranar da Fotini ta fara ganinsa, sandar da ta sha wahalar haɗawa ce a bakin injinsa. Ƙas! Ta rabu biyu.

"Kai ne mai karya mini kaya?" ta tambaya, idonta a ƙasa.

"Aikina ke nan," Lefteris ya ce yana murmushi. "Ke ki gina, ni in gwada."

A ɗakin bincikensu na birnin Patras, Fotini tana dama baƙin garin kabon cikin ruwan roba don robar ta yi ƙarfi idan ta daskare. A ido toka ne. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa zarurruka ne, sun fi gashi siranta sau dubbai, sun fi ƙarfe ƙarfi. Ranar da ta nuna masa, ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Duk wannan a cikin toka?"

Tun daga nan tare suke shan kofi.

Sai wata sandarta ta karye da wuri. A gaban farfesansu Lefteris ya ce garin ya dunƙule, bai gauraya sosai ba. Ta daina kula shi. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Haskena, in na yi miki ƙarya yau, gobe a teku abin zai karye da mutum a kai. Fushinki ya fi mini sauƙi."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta koma ta dama garin har ya bi ko'ina.

Mahaifinta Thanasis, masassaƙin jiragen kamun kifi, ya ce bai san zancen aurensu ba. Shi Stamatis yake so mata, mai jirgin fito.

"Mutumin da sana'arsa ɓarna? Kuma roba! Roba ai bokiti ce, 'yata."

Ana cikin haka, katakon tuƙin tsohon jirgin Thanasis ya tsage. Fotini ta dama, Lefteris ya karya, suka sake, har suka samu wanda injin ya sha wuya a kansa. Suka kai wa tsohon irinsa.

Thanasis ya ɗaga shi da yatsu biyu. Ya ɗauko guduma ya maka masa. Gudumar ta yi tsalle. Ya shafa wurin, ko tabo babu. Sai ya tofa sau uku don kore mugun ido.

"Guda nawa ka karya kafin wannan?"

"Da yawa, Baba."

"Don kada ya karye da ni?"

Lefteris ya gyaɗa kai.

A coci, da rawunan aure a kansu haɗe da farin zare, limamin ya kai inda ake cewa a karatunsa mace ta ji tsoron mijinta. Kamar kowace amarya, Fotini ta take ƙafar ango, da ƙarfi.

"Gwaji ne," ta raɗa masa.

"Ban karye ba, Haskena."

Jama'a suka watsa musu shinkafar albarka kamar ruwa. Thanasis ya fi kowa ɗaga murya: "Ku rayu! Allah ya bar ku tare!"