Wasiƙar da Baba Ya Nema

"Wasiƙa kuma? A wannan zamanin?" Mai Gyara ya ajiye wayar da yake kwancewa, ya kalle ni kamar na ce ya ɗebo ruwa da kwando.

"Haka Baba ya ce. Duk mai son aurena ya rubuto masa da hannunsa, kafin a yi maganar turo manya."

"Haba rabin raina! Rabona da biro tun jarrabawar ƙarshe. Rubutuna fa kamar tonon kaza... In tura masa saƙon murya mana?"

Dariya ta so kama ni, ƙwalla ta riga ta. Na san Babana. Shekara talatin ya yi da teburinsa a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa, har ranar da ya wuni cur ba wanda ya tsaya. Ya ɗauko teburin ya dawo da shi gida, bai sake fita ba.

Sati uku ina sintiri a shagon Mai Gyara. Yau aiki ya yi yawa, gobe bai san ta inda zai fara ba. Ni kuwa so ya rufe min ido, ga tsoron kada Baba ya ce ba da gaske yake ba. Sai na yi abin da nake nadamarsa har yanzu. Na shige ɗaki na rubuta da kaina, na karkata haruffan yadda ba za a ce hannuna ba ne. Duk abin da na so in ji daga bakinsa, shi na zuba a ciki.

Na kai masa ya sa hannu a tsaye, ko karantawa bai yi ba.

"Allah ya bar min ke, masoyiyata!" in ji shi. Na ninke na saka a ambulan.

Baba na zaune a bakin teburin nasa na miƙa masa. Ya zaro takardar, ya juya ta, bai warware ba.

"Auta, wa ya ninke wannan?"

Ya nuna min bakin takardar da yatsa.

"Ninki uku, an soke bakin a ciki. Mutum biyu na koya wa haka a duniya. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, sai ke."

Na yi ta fama da haruffa, na manta hannuna ya saba da ninkin gidanmu!

"Baba, ka yi min rai... Wallahi yana sona, rubutun ne bai iya ba."

"Na ce miki kyan rubutu nake nema? Da ya kawo min jagwalgwalo layi biyar, da na ɗora a kaina. So nake in ga wanda zai zauna ya sha wahalar rabin awa saboda 'yata."

Sai a lokacin ya warware ya karanta, a hankali, har ƙarshe. Da ya ɗago idonsa ya kaɗa.

"Kin iya so, Auta. Shi ne ban ga nasa ba."

Ya jawo farar takarda zai ba da amsa, amma biron ya ƙi tsayuwa a hannunsa. Ya turo min.

"Zauna ki rubuta."

"Baba, don Allah..."

"Rubuta. Bayan gaisuwa mai yawa, na ga takardar da ka sa wa hannu. Ka yi haƙuri, ba zan iya ba ka 'yata ba."

Na rubuta. Hawaye na ɗiga, tawada na jiƙewa, ba yadda na iya.

Da na tashi ya riƙo gefen mayafina. "Ki kai masa hannu da hannu. In ya ɗauki biro ya amsa min, ƙofata a buɗe take."

Da gudu na fita ƙofar gida na kira Mai Gyara a waya.

"Baba ya gane... Amma akwai sauran dama! Amsarsa na hannuna, ka zo ka karɓa yanzu, don girman Allah!"

Ina jin hayaniyar masu jiran gyara a bayansa.

"Kash! Shago a cike yake, rabin raina. Ɗauki hotonta ki turo min."

Na daɗe a tsaye, waya a kunne, har ya gaji da cewa "Kina jina?" Ina jin sa sarai. Na kashe, na zauna a dakali na yi kukana.