Tsamiyar Jikin Baraj

A daminar 1994, Illo ne mai gadin tsohon baraj, wato madatsar ruwan da ke ban ruwan garakunan wani ƙauye kusa da Madarumfa. Aikinsa ya bi ganuwar ƙasar kowace yamma, ya duba ko tana yoyo. A ƙasanta gidaje talatin ne, har da nasa, inda matarsa Larai ke jego.

Shekara uku injiniya na zuwa daga Maradi yana cewa a sare tsamiyar da ta fito a jikin ganuwar, saboda saiwarta za ta huda wa ruwa hanya. Illo ya ce to, ya raka shi har mota. Amma wa zai ɗora wa tsamiyar bakin ruwa gatari? Ko ta gefenta ba ya bi.

Ranar an kwana biyu ana ruwa, tabkin ya cika taf. Almuru ya riske shi a kan ganuwa. Kwaɗi suka yi tsit lokaci guda. Warin ɗanyar laka ya buge shi, ya ji tsiyayar ruwa ta ɓangaren da bai kamata ba.

Ya sauka gindin tsamiyar. Ruwa ne ke ɓulɓulowa daga wani rami, ja, mai kauri. Ya san ma'anarsa: ganuwar na cin kanta daga ciki.

Wata tsohuwa na durƙushe a wurin, hannunta ɗaya cikin ramin har kafaɗa. Ya yi sallama da ƙyar. Ba ta waiwayo ba.

"Ka bar muna gidanmu, mun riƙe maka naka," ta ce a hankali. "Shekara ukku. Mun gaji."

Ya kalli ganuwar. Duk tsawonta bayan mutane ne, jere, sun tokare ta da kafaɗu. Babu mai numfashi.

"Kahin isha'i za mu tahi," in ji tsohuwar.

Illo ya ruga wurin ƙofar sakin ruwa. Tsatsa ta cinye ƙarfen murɗawar. Ya danna, ya ja, yana salati, yana kuka kamar yaro. Ko gezau.

Sai wasu hannuwa suka sauka a kan nasa. Sanyi ƙalau.

Bai duba ba.

Ƙarfen ya yi ƙara, ya juya. Ruwa ya kwarara cikin rafi da ruri. Ya zura ƙauye yana ihun a hau tudu.

Ana kiran isha'i ganuwar ta zabtare daidai tsamiyar. Ruwan da ya rage ya shafe garaku, ya tsaya a bakin dangar gidan farko.

Da safe maza suka zo yi masa barka. Duk wanda ya ba shi hannu sai ya janye da sauri, don hannuwan Illo sanyi ƙalau. Larai ta miƙo masa jaririn, yana taɓa shi ya canyara kuka. Illo bai sake ɗaukar ɗansa da hannu ba sai da zane a tsakani.