Kofi na Uku

A bakin ajin nazarin kasuwa Sukaina Sarr ta fara ganinsa, riƙe da jadawalin darasi yana ta juya shi kamar rasit ɗin da bai gane ba. Sunansa Asumani, daga Mombasa jami'arsu ta turo shi Dakar ya yi zango ɗaya. Ta nuna masa ƙofa, shi kuwa ya manta da ƙofar ya tsaya kallonta.

Malami ya haɗa su aiki ɗaya kan masu sayar da atamfa. Kafin wata biyu tana kiransa Baƙona, yana kiranta Malamata. Ta so shi ƙwarai, sai dai ba ta saki jiki ba, don yayarta Penda ma wani ɗalibin musaya ya taɓa yi mata alkawari, zango na ƙarewa ya hau jirgi, ko waya.

Ran wata Lahadi ta kai shi gida. Aka ci shinkafa da kifi, Baba Sarr ya ɗora shayi da kansa. Asumani ya shanye kofin farko, mai ɗacin nan, ya duba agogo, ya yi godiya ya tashi. A garinsu baƙon kirki ba ya daɗewa. A nan kuwa shayi kofi uku ne, wanda ya tashi a na farko ya raina mai gida.

"Kin ga irinsu ko?" in ji Baba. "Wanda ya kasa jiran shayi, ke zai jira?"

Da gangan Sukaina ta ƙi gaya masa al'adar. So take ta ga ko zai zauna don kansa. Lahadi ta biyu ma, biyar saura kwata ya miƙe. Baba ya ce kada ya sake ganinsa a tabarmarsa.

Sai ga Marem, 'yar ajinsu da ta daɗe tana yi masa fari da ido, ta kawo labari wai duk Lahadi gidan wata mata yake zuwa a unguwar Medina. Sukaina ta tura masa saƙo:

"Baƙona, ina kake zuwa ƙarfe biyar?"

"Malamata, ki ba ni sati biyu. Wallahi alheri ne."

Sati biyun nan daidai yake da ranar jirginsa. Ta yi kuka, ta share hawaye, Lahadi na zagayowa ta tare tasi ta bi bayansa.

Ƙofar da ya shiga ta san ta tun tana rarrafe. Gidan Goggo Rokaya ne, ƙanwar Baba, wadda ba a ɗaura aure a zuriyarsu sai ta yarda. Ta same shi a durƙushe yana maimaita gaisuwar surukai da Wolof, yaren su Sukaina, Goggo na gyara masa da bakin mafici. Ashe tambaya ya yi aka ce in aure yake nema ta nan ake bi, Goggo kuma ta ce ƙarfe biyar, wanda ya makara kada ya dawo.

Da Goggo ta ji zancen shayi da yadda aka ɓoye masa al'adar, sai ta juyo kan Sukaina.

"Ke 'yar nan, kin ga makaho zai faɗa rami kin yi shiru kina gwada shi? Yaron da ya nemi a bar shi ya ƙarasa karatunsa a nan saboda ke?"

Asumani ya ciro takardar jami'a ya miƙa wa Sukaina. Kunya ta hana ta karantawa.

Ranar da ya kamata ya hau jirgi, Goggo ta sa shi gaba har tabarmar Baba. Ya sha na farko. Ya sha na biyu, mai na'ana'a. Baba ya yi ta jan na uku da gangan, yana satar kallon hannunsa, sai ya ga ko agogon bai ɗauro ba. Jirgi ya wuce ta saman unguwa, Asumani bai ɗaga kai ba.

Baba ya miƙa masa kofin da hannu biyu.

"Sha, ɗana. Wannan ne mai zaƙin. Ka ce wa manyanka su kawo goro."

Bayan ƙaramar salla kawunsa ya zo daga Mombasa, aka ɗaura aure a masallacin unguwa bayan la'asar. Penda ce ta fi kowa rawa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.