Bargon da Ɗinkinsa Ke Waje

"Ɗauke tsummanki ki bar mana gida!"

Bargon ya faɗo a gaban 'Yar Tela, ya baje a tsakiyar falon. Ba ta sunkuya ba. A gajiye ma take, don tun safe take kan keken ɗinki, daga shago kuma ta yo nan ko ruwa ba ta sha ba.

Wadda ta jefo shi Yaya Babba ce, yayar Direba, saurayin da 'Yar Tela ta ƙarar da kuruciyarta tana jira. Can kan kujera kuwa Kwalisa ce ta harɗe ƙafa tana danna waya. Kowa ya san ita Mama, mahaifiyar Direba, da sauran 'yan gidan suke so ya aura. Shagon barguna gare ta a bakin kasuwa, kuma duk bargon da ke gidan nan daga hannunta ya fito.

"Yaya, na Mama ne..." in ji 'Yar Tela a hankali. "Na ji an ce ba ta samun barci."

"Wa ya aike ki? Dubi abu don Allah! Ko ɗinkin ma a bai-bai kika yi shi, duk baki a waje, zare buzu-buzu kamar jiƙaƙƙiyar kaza!"

Kwalisa ta ɗago ido, ta yi wani murmushi mai sanyi.

"Ni fa Yaya ba munin ne ya dame ni ba. Mutum ya zauna wata da watanni yana harhaɗa ƙyallaye ninki-ninki, haka kawai? Da za a ji tawa, a duba abin da aka ɗinke a ciki."



Yaya Babba ta jawo almakashi daga kan tebur, ta durƙusa, ta farke ƙyalle ɗaya. Ta zura yatsa. Ba komai sai wani farin yadi mai laushi. Ta farke na gaba, ta farke na kusa da shi, har ta gaji don kanta.

"Wannan farin fa, mene ne?"

"Rigunan Babana ne, Allah ya jiƙansa. Sun sha wanki, sun yi laushi, shi ya sa na sa su a tsakiya."

Daga ɗakin ciki aka yi tari. Ƙofar Mama a buɗe take, ta ji komai, amma ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi almakashin yi wa 'Yar Tela ciwo.

Ta juya ta fita, ta bar musu bargon a ƙasa.

Ita fa ba don neman shiga ta ɗinka shi ba, ko da yake in za a faɗi gaskiya, akwai ɗan wannan ma a ƙasan zuciya. Wata rana ce Direba ya dawo daga doguwar tafiya, ya zube a kan bencin shagonta idonsa jawur, yana ba ta labari. Ya ce Mama ciwon ƙafa ya ci ƙarfinta, fatarta ta yi fiu, ko kalmasar zane ta goge ta sai ta kwana tana juyi. Barguna kuma an saya mata masu tsada har sun cika durowa, amma duk ture su take yi, wai sun danne ta. Shi ya faɗa ya manta, irin na maza. Ita ce maganar ta zauna mata.

Akwai buhun ƙyallaye a bayan kekenta, tun na zamanin Babanta, wanda bai taɓa yarda a zubar da ko mai faɗin tafin hannu ba. Ta zazzage shi, ta tsince na auduga zalla, ta wanke, ta goge, ta yanka su kai ɗaya. Kowane sai ta yi masa ninki uku. Wajen haɗawa kuma ta juyo da bakin ɗinkin duka fuska ɗaya, don ɗaya fuskar ta fito sumul ba abin da zai taɓa fata. Sannan ta bi bakin nan da almakashi tana tsattsaga shi ƙanana-ƙanana, har babban yatsanta ya yi kanta, ta wanke shi ya tashi lub-lub. Duk wannan a ɗan lokacin da ya rage mata tsakanin ɗinkin mutane.

Ga sakamakon da ta samu.

Washegari da hantsi Direba ya faɗo shagon, ko motar bai kai tasha ba.

"Telata..."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da taka keke.

"Rabin raina, dube ni mana. Wallahi ban sani ba sai yanzu! Na yi wa Yaya tatas, Kwalisa kuwa na ce kada in ƙara ganin ƙafarta..."

"Mama fa? Me ta ce?"

Ya sosa ƙeya.

"Ba ta ce komai ba."

"To ka gani."

Ta tsayar da keken. Sai a lokacin ya lura da yadda ta rame, wuyanta duk ya fito.

"Direba, na gaji."

"Ki ƙara haƙuri kaɗan, masoyiyata..."

"Haƙurin ne ya ƙare. Ƙawayena da muka taso tare yau su ke kawo min ɗinkin 'ya'yansu. Ummata ta daina tambayata, kallona kawai take yi, wannan kallon kuma ya fi tambayar zafi. Kai ba za ka yi aure ba da yardar Mama ba, ni ma ba zan so ka yi ba. Ita kuma ta ce ɗanta ba zai auri mai tsintar tsumma ba. To me muke jira?"

"Kina nufin... shi ke nan?"

"Ina son ka, Allah ya sani. Amma ko fushi ba ni da ƙarfin yi yanzu. Ka tafi, fasinja na jiran ka."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Da ya ga da gaske take, ya ja ƙafa ya fita. Ita kuwa ta kifa kai a kan keken, kukan ma ya ƙi zuwa.

Kwanaki suka shuɗe. Ta koma yadda take, yanka, ɗinki, guga, rigimar masu cewa an matse musu hannun riga. Buhun ƙyallayen ta tura shi can ƙarƙashin tebur don kada ta riƙa ganin sa.

Ranar nan da azahar Umma ta kawo mata abinci, suna zaune sai ga inuwar mutum a ƙofa. Yaya Babba ce, fuska a ɗaure, tana kallon gefe kamar wadda aka aiko dole. Dolen kuwa aka yi mata.

"Mama na kiran ki."

"Ki ba ta haƙuri, aiki ya yi min yawa."

"Ta ce ki taho da allura da zare. Wai... bargon nan za a gyara."

"A kawo shi nan in gyara."

Yaya Babba ta ƙara kau da kai.

"Ta ƙi sakin sa. Ko wanki ta hana a kai shi."

Umma ta ajiye cokali.

"Tashi ki je, 'yar nan. Tsohuwa ce ke kira, ba saurayi ba."

Ɗakin Mama ƙamshin man zafi yake yi. A kusurwa ga bargunan Kwalisa an jibge su, wasu ko daga leda ba a fitar ba. Mama na kishingiɗe a gado, bargon ƙyallaye a kan ƙafafunta, farin yadin na leƙowa ta wuraren da aka farke.

'Yar Tela ta durƙusa ta gaishe ta.

"Zauna nan kusa," in ji Mama. "Ke, ja mana ƙofa."

Yaya Babba ta ja ƙofa ta waje, ba don ta so ba.

"Ranar da kika tafi, a ƙasa suka bar shi. Da sanyi ya dame ni na ce a miƙo min, don in samu abin zagi da hujja." Ta ɗan yi dariya, tari ya sarƙe ta. "Na lulluɓa ta gefen buzu-buzun, na ji ba daɗi. Na juya shi... Yarinya, ban farka ba sai da rana ta shigo ɗaki. Rabona da irin wannan barcin har na manta."

'Yar Tela ta sunkuyar da kai tana zura zare a allura.

"Da gangan kika fitar da ɗinkin waje?"

"Eh, Mama. An ce kalmasa na goge miki fata."

"Wa ya ce?"

"Shi."

"Sau nawa ya gaya miki?"

"Sau ɗaya."

Mama ta shafa bargon.

"Ni kuwa kullum sai na faɗa a gidan nan. Da na faɗa sai a ƙaro min wani bargon, wanda ya fi na jiya nauyi."

Allura ta fara shiga tana fita. Hannun 'Yar Tela ya san aikinsa ko da idonta ya cika da ruwa.

"Kin san me ya sa na tsani tsumma?" in ji Mama. "Da ubansu ya rasu, da faci na raine su. Wandon makarantar wannan Direban naki, facin ya fi wandon yawa. Yara na yi masa dariya, ya dawo yana kuka, ni ma in shiga ɗaki in yi nawa. Na rantse in Allah ya ɗaga mu, ko ƙyalle ba zai ƙara shigo min gida ba. Da aka ce min ke 'yar tela ce, wai har ƙyallayen ƙasa kike tarawa, sai na ji kamar baya za a mayar da ni. Ban ko tsaya na dube ki ba."

"Ba komai, Mama."

"Da komai. Rigar mahaifinki aka sa wa almakashi a gidana, ina ji na yi shiru. Ki yafe min."

Hawayen da suka ƙi zuwa a shago sai yanzu suka ɓalle. Ta goge da bayan hannu, ta ci gaba da ɗinki, don in ta tsaya ba ta san me za ta yi da kanta ba.

"Kuma ya yi min gajere," Mama ta ƙara da cewa, ta koma muryarta ta faɗa. "In na ja shi kafaɗa sai yatsuna su leƙo. Sai kin ƙara masa layi. Ni kuma ba zan ba da shi a kai shago ba, sai dai mai ɗinkin ta dawo gidan."

'Yar Tela ta ci gaba da ɗinkinta. Ta rufe wuri na farko, ta koma na biyu. Ɗakin da ɗumi, fanka na juyawa a hankali, gajiyar shekaru kuma ta taso mata gaba ɗaya. Ta ce bari ta ɗan jingina kai a bakin gadon kafin ta sake zura zare.

Da la'asar Direba ya dawo, Yaya Babba ta nuna masa ƙofar da baki. Ya tura a hankali.

'Yar Tela na zaune a ƙasa, kanta a gefen katifa, tana barci har da ɗan minshari. An zare allurar daga hannunta an soke a jikin matashi. Rabin bargon na kan ƙafafun Mama, ɗaya rabin an ja shi an rufa mata a kafaɗa, gefen mai sumul a ciki.

"Telata..." ya fara.

Mama ta ɗaga masa yatsa, ta harare shi.

"Kai, rufe min baki! Ka je ka gaya wa kawunanka ina neman su gobe. Kuma ka ja ƙofar a hankali, kada ka tashe min suruka."