Hoton da Ɓarawo Ya Bari a Sabar

Da safiyar Litinin aka tarar sakamakon jarrabawar kwalejin ya koma baya da mako uku. Duk gyaran da kwamitin jarrabawa ya yi ya ɓace. Kafin Sufeta, 'yar sandan da aka turo bincike, ta iso, an dakatar da Dogo, mai kula da sabar, wato babbar kwamfutar kwalejin, ana shirin korarsa.

Sufeta ba ta san kwamfuta ba, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Abin da ta iya shi ne tambaya, ta iya ta kuwa fiye da kowa. Ta sami Dogo a ɗakin sanyi inda sabar take, ido ya yi zuru-zuru.

"Yi mini bayani kamar kana yi wa kakarka," in ji ta.

Ya nuna wani baƙin akwati. "Ranki ya daɗe, wannan sabar ɗaya ce, amma kwamfutoci tara na ƙirƙira a cikinta. Ba su da jiki, rabon ƙarfinta suke yi. Ɗaya ta sakamako ce. Kafin babban gyara nakan ɗauki hotonta, wato in adana yadda take a ranar. Wani ne ya mayar da ita kan tsohon hoto."

"Wa ke da lambar sirri?"

"Ni da abokin aikina, mai haɗa layin intanet. Sai kwafi a ambulan, a ofishin mataimakin magatakarda."

Ta sa ya buɗe kwamfutar gwaji ya nuna mata yadda ake yi. Da ya danna, wani rubutu ya fito da 'yar alama a gefe, ya wuce shi da sauri.

"Tsaya. Wannan fa?"

"Tambaya ce, ko a ɗauki hoton yanzu kafin a koma baya. Da alamarta ta amincewa take zuwa, sai in an cire."

"In kai ne ɓarawon?"

"Ai cire ta zan fara yi."

Ta kira mai haɗa layi shi kaɗai, ta yi masa tambayar nan. Ya yi dariya. "Haba, ranki ya daɗe. Wa zai share sawu ya bar takalminsa a ƙofa?"

Ta koma wurin Dogo. "Ka duba jerin hotunan tun da abin ya faru?"

Bai duba ba, tsoro ya rufe masa ido. Ya buɗe, sai ga sabon hoto na ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ɓarawon bai cire alamar ba. Sakamakon na nan lafiya lau, ko maki ɗaya bai yi ciwon kai ba. Dogo ya dubi matar nan da ko danna linzamin kwamfuta ba ta iya ba, ya shiga yi mata godiya.

"Godiyar ta jira," in ji ta. "Jera mini tsoho da sabo. Wa ya ci riba da komawa baya?"

Ɗalibai sittin gyaran ya shafa. Hamsin da tara ƙarin maki aka yi musu. Ɗaya tak kwamiti ya soke jarrabawarsa saboda satar amsa.

Mataimakin magatakarda ya tarbe ta da fara'a. Ta nemi ambulan. An buɗe shi, an sake liƙewa da gam.

"Masu aikin nan biyu sun san alamar, da sun cire ta," in ji ta. "Wanda ya yi wannan ya san lamba, bai san aiki ba. Kuma ɗalibi ɗaya ne komawar ta wanke, sunanka yake ɗauke da shi. Ɗanka ne, ko ba haka ba, yallaɓai?"

Ya zauna a hankali, ya cire tabarau. "Wallahi yaron bai san na yi ba."

"Na yarda," in ji Sufeta. Ta ɗauko wata takarda daga kan teburinsa, ta juya ta gabansa. Ta korar Dogo ce, da sa hannunsa a ƙasa. "Amma lokacin da ka sa hannu a nan, ka san wannan bawan Allah bai yi ba. Shi ma ɗan wani ne."